Daga ramin Arlit zuwa hoton da ya riga ƙiftawar ido

Ma'aikatan kamfanin SOMAIR na Arlit, inda aka fara fitar da ƙarfen uraniyom a 1971, sun san halin nakiya: sau ɗaya take tashi, babu mai ce mata ta sake. Duk mai son ganin yadda dutse ya tsage, tilas ya kama lamarin a wannan karo guda. Irin wannan matsala ce ta sha kan masana sa'ad da suka so ganin cikin fashewar bam na nukiliya, wanda tushensa uraniyom ne.

Bayan yaƙin duniya na biyu, injiniya Harold Edgerton na Amurka da abokan aikinsa suka ƙera kamera mai suna Rapatronic, wadda ke buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya daga miliyan 100 na daƙiƙa. Sai dai hoto guda tak take ɗauka, don haka akan jera su da dama, kowace da lokacinta. Sinima kuwa hoto 24 take nunawa a daƙiƙa.

A 2014, Lihong Wang da mutanensa a birnin Saint-Louis na Amurka suka sake dabara. Ƙananan madubai ne ke yi wa hasken alama, wata na'ura ta shimfiɗa shi bisa lokacin isowarsa, duka ya taru cikin hoto ɗaya, sa'an nan kwamfuta ta warware shi filla-filla. Da haka suka sami hoto miliyar 100 a daƙiƙa. A 2024, ƙungiyar Jinyang Liang ta cibiyar INRS a Kebek ta zarce miliyar dubu 156. Amfanin shi ne ganin abin da ba ya maimaituwa, kamar yadda hasken laza ke huda ƙarfe.

To amma akwai abin da sauri ba ya kamawa. Da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan a watan Maris na 2021, an bar dagwalon ma'adini da ya kai wajen tan miliyan 20, wanda tiririnsa ke aiki sannu a hankali, shekara da shekaru. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mazauna Arlit da Akokan kuwa, ganin da suke bukata shi ne awon iska da ruwan sha a kai a kai, a kuma bayyana musu sakamakon.