Haɗa Garin Tsohuwar Taya da Robar Narkarwa: Yadda Arlit Za Ta Iya Amfana

Robar taya da robar bokiti ba halinsu ɗaya ba a gaban wuta. Bokiti, jarka, kujerar roba da leda suna narkewa idan suka ji zafi, su daskare idan suka huce, kuma ana iya sake narka su. Taya kuwa an gasa ta da farar wuta tun a masana'anta, bisa dabarar da Charles Goodyear ya gano a Amurka a 1839. Gashin yana ɗaure zaren robar da juna, shi ya sa taya ke jure nauyi da zafin kwalta, shi ya sa kuma ba ta narkewa, sai dai ta ƙone. A duniya ana zubar da taya kusan biliyan ɗaya kowace shekara.

Tunda ba ta narkewa, sai a niƙa ta. Ana daddatsa tayar, a janye wayar ƙarfen cikinta da maganaɗisu, a tace zaren, sannan a mayar da sauran gari. Wasu masana'antun sukan sandarar da ita da sanyi mai tsanani kafin niƙa, don ta farfashe da sauƙi. Garin da ƙwayarsa ba ta kai milimita ɗaya ba ya fi haɗuwa. Daga nan a zuba shi tare da gutsattsarin robar narkarwa a injin da ke dumama su zuwa wajen digiri 180 zuwa 200. Robar ta narke ta lulluɓe garin, kamar yadda siminti ke riƙe tsakuwa, sai a tura haɗin cikin mazubi mai siffar da ake so.

Babbar matsalar ita ce kayan biyu ba sa kama juna sosai. Idan garin taya ya yi yawa, abin da aka ƙera yakan yi laushi da jure bugu, amma ƙarfinsa wajen ja yakan ragu, har ya tsage. Maganin haka shi ne ƙara sinadarin da ke liƙa su, ko a sassauta ɗaurin farar wutar a saman garin da zafi da murza. Da wannan haɗi ake yin shimfiɗar ƙasa, tayil, kwanon rufi, da tiyon ban ruwa mai ƙananan ƙofofi wanda ruwa ke tsattsafowa daga jikinsa a hankali.

Arlit, a jihar Agadas, gari ne da motoci ke ciyarwa. An kafa shi a 1969 saboda yuraniyom. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma ta yi aiki a Akokan daga 1978 har aka rufe ta a ƙarshen Maris 2021, ma'aikata da yawa suka rasa abin yi. Manyan motocin ma'adinai, da tireloli masu bin hanyar Tawa zuwa Arlit mai tsawon kilomita kusan 650, suna cinye taya ba kaɗan ba. Masu sana'a sun daɗe suna yanka ta su yi takalma, guga da igiya, amma abin da suke ɗauka bai kai abin da ake jibgewa ba. Ledar da dokar 2014 ta haramta a Nijar ita ma tana nan a kan bola. Tiyon ban ruwa daga haɗin taya da leda zai dace da lambunan Timiya da Iferwan, inda kowane ɗigon ruwa ke da daraja.

Akwai sharuɗɗa uku. Niƙa da dumamawa suna cin wutar lantarki, wadda yankin ke samu daga tashar kwal ta Sonichar kusa da Cirozerin. Zafin kada ya wuce kima, domin hayaƙin ƙonanniyar taya guba ne ga huhu. Na uku ya shafi Arlit kai tsaye: binciken ƙungiyoyin Greenpeace da Criirad na 2009 ya gano tarkacen ƙarfe mai tururin nukiliya a kasuwar garin, lamarin da ƙungiyar Aghir in'Man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kuka a kai. Duk tayar da ta fito daga filin haƙa dole a auna ta da na'ura kafin ta shiga injin niƙa, domin kayan da za a ƙera da ita gidajen mutane da lambunansu za su shiga.