Garin da Baƙo Ya Gani da Garin da Mazauni Ya Sani

  Yau zancen ƙaura za mu yi, wato yadda mutum ke zaɓar garin da zai kwashe iyalinsa ya koma. Amma ku ba ni dama in fara ɗauko zancen daga nesa, daga ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu, kafin in dawo da shi ƙofar gida, ƙasar Katagum.

A Amurka da Turai akwai garuruwan da abincinsu kacokan ya rataya a kan wasa guda, wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mutum zai ɗaura dogayen faifai biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, kujera mai tafiya a kan igiyar ƙarfe ta kai shi ƙololuwar dutse, sannan ya sulalo ƙasa a guje. A Faransa akwai Chamonix, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. A Amurka akwai Aspen a jihar Kolorado. Ko a nan Afirka ana yin wasan, a Oukaimeden da ke duwatsun Maroko da kuma can Lesoto. Mai hali yakan je hutun mako guda, ya ga farin dutse da iska mai tsabta, ya dawo gida zuciyarsa na can. Daga nan sai ya fara lissafin sayar da gidansa ya tare gaba ɗaya.

To, abin da ya gani a mako guda ba shi ne garin ba. A Aspen lokacin wasan yakan fara ne a ƙarshen Nuwamba ya ƙare a Afrilu. Da ƙanƙara ta narke sai taɓo, baƙi su watse, wasu shaguna su rufe na 'yan makonni, mai aikin wucin gadi ya shiga neman abin yi. Gidaje kuwa sun kai miliyoyin daloli, har ta kai da yawa daga cikin masu dafa abinci da malaman makaranta da direbobin garin ba su iya kwana a cikinsa. Sai su kama haya a garuruwan gangare irin su Carbondale da Glenwood Springs, su riƙa shigowa a bas kullum safiya, wasu daga nisan da ya haura kilomita 60. Aspen ɗin ma da can garin haƙar azurfa ne mai mutum fiye da 10,000. Da darajar azurfa ta faɗi a 1893 jama'a suka gudu, zuwa 1930 waɗanda suka rage ba su kai 1,000 ba. Wasan ƙanƙara ne ya farfaɗo da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu kuma a duwatsun Turai, wasu garuruwan da ba su da tsawo sosai sun fara rufe wuraren wasansu, saboda ƙanƙarar ba ta sauka kamar da. Garin da ya dogara da abu ɗaya, ranar da abin ya tafi, tare suke tafiya.

Mu dawo gida. Wani zai ce ina ruwan mutumin Katagum da ƙanƙara? Akwai ɗan labari. A ƙarshen Disambar 1823 wasu Turawa biyu 'yan Sikotland, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suna tafe daga Kukawa za su Kano. A ƙasar Bade sanyin hunturu ya kama su, har Clapperton ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin kwanukansu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu sun sandare. A farkon Janairun 1824 suka shigo Katagum, zamanin Sarki Ɗankauwa. Clapperton ya tarar da birni mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya ƙiyasta mutanensa 7,000 zuwa 8,000, ya ga ana ciniki da wuri, ya yaba ƙarfin garin ƙwarai. Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, bai yi nisa ba ya rasu a Murmur ranar 12 ga Janairu.

Ku lura da lokacin da baƙon ya zo. Hunturu ne, kaka ta wuce, rumbuna cike, kogi ya janye, hanya a bushe. Da a watan Agusta ya zo, lokacin da Kogin Jama'are ya batse ya malale fadamu, da wata Katagum ɗin zai ba da labari.

Wanda ya zaɓi wurin kuwa ba baƙo ba ne. Malam Ibrahim Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wannan yanki, ya fara zama a Tashena, sannan ya kafa Katagum kafin rasuwarsa wajen 1814. Ya san abin da yake nema. Zamanin yaƙi ne, Borno na gabas, kuma shi da kansa ya ci Birnin Ngazargamu da yaƙi. Yana bukatar wuri a bakin iyaka, kogi ya zama katanga, fadama ta ciyar da dawaki da mutane. Ga mai wannan bukata, Katagum zaɓi ne na hikima. Duk da haka a 1826 rundunar Shehu Laminu na Borno ta matso har aka fice daga garin na ɗan lokaci, kafin a dawo.

Sai zamani ya juya. Turawa suka zo a 1903, yaƙin iyaka ya ƙare, ganuwa ta daina zama abin dogaro. Abin da mulki ya koma bukata shi ne wurin da hakimai za su iso cikin sauƙi, a tara haraji, a fitar da amfanin gona. Katagum na can ƙuryar arewa, ga ruwa yana tare hanya da damina. Ba a kai 1920 ba aka ɗauke fadar zuwa Azare, kimanin kilomita 70 kudu. A 1926 kuma aka cire ƙasar daga lardin Kano aka haɗa ta da lardin Bauchi. Har yau sawun wannan ƙaura yana nan a sunayenmu, kuma yana rikita baƙi: Sarkin Katagum a Azare yake zaune, hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum ita ce Azare, shi kuwa garin Katagum na asali hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki ne. Direba a tasha in ka ce masa Katagum za ka, sau da yawa sai ya tambaye ka wacce.

Ni a ganina magabatanmu sun yi daidai sau biyu. Sun zauna bakin kogi lokacin da kogin ke tsare rai, sun tashi lokacin da hanya ta fi ganuwa amfani. A duka biyun ba kyan wuri suka bi ba, bukatar yau da kullum suka duba.

Yau me ke jawo mutum Azare? Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta, ga hanyar Misau zuwa Bauchi. Akwai babban asibitin gwamnatin tarayya, akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau kusa. Ma'aikacin da ya yi ritaya a Abuja ko Kaduna yana so ya dawo kusa da dangi da asibiti. Ɗan kasuwa daga ƙauye yana so ya matso bakin titi. Akwai kuma 'yan uwanmu na Yobe da Borno da rikici ya koro a shekarun baya, waɗanda ba su samu sararin zaɓe ba, inda dare ya yi musu nan suka sauka. Allah ya mayar musu da alheri. Maganata ta yau da wanda ke da sararin zaɓe ce.

Shi ma yakan faɗa ramin da mai sha'awar garin ƙanƙara ke faɗawa. Yaushe ɗan gari da ke aiki a nesa yake zuwa gida? Da Sallah, ko hutun ƙarshen shekara. Ya ga hawa, ya ci tuwon gida, abokan ƙuruciya duk sun hallara, iska na kaɗawa da sanyi. Sai dillali ya ja shi bayan gari ya nuna masa fili shimfiɗaɗɗe, a bushe ƙayau, farashi da sauƙi. Na san wani ɗan uwana da ya sayi irin wannan fili a watan Janairu, ya zuba kuɗin sallamarsa ya yi gini. Damina ta farko ruwa ya kwanta masa har dokin ƙofa. Da ya je yana kuka wurin wani dattijo a unguwar, sai dattijon ya ce masa: "Ɗana, ai da ka tambaye ni. Nan wurin muna yara kamun kifi muke yi." Shi kuwa ya ce: "Wallahi Baba, da rani na gan shi." Tambaya ɗaya ce bai yi ba, kuma ba ta da tsada.

Ba ƙaramin fili kaɗai ruwa ke ci ba. A daminar 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, motoci suka koma zagaye. Mutanen Zaki da Gamawa kuwa sun san shekarun da sai da kwalekwale ake isa wasu ƙauyuka. Wanda zai koma bakin fadama don noman shinkafa ko alkama ko kamun kifi, arziki na nan, ba na hana shi. Amma ya tambayi kansa: in matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare a watan Agusta, ta wace hanya zai kai ta asibiti, kuma cikin awa nawa?

Haka bazara. Wanda ya saba da sanyin Jos, ko ya san Azare a watan Disamba kawai, ya zo ya kwana uku a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya ga yadda ɗaki ke zama in babu wuta. Ya tambayi nawa ake sayar da jarkar ruwa a unguwar a wannan watan, rijiya ko burtsatse na ƙafewa ko ba ya ƙafewa.

Sai sana'a, wadda ita ce ta fi kayar da mutane. Fansho kaɗai ba ya riƙe gida. Wanda ya gina ɗakunan haya don ɗalibai ya tuna cewa makaranta na yin hutu, wani lokaci ma yajin aiki ya rufe ta wata da watanni. Shi ma ya rataya abincinsa a kan ƙanƙarar da ke narkewa. Ya zo da sana'ar da mutanen gari ke bukata rani da damina.

Maƙwabci kuma, malamanmu sun daɗe suna cewa a neme shi kafin a nemi gida. Je ka yi sallar asuba a masallacin unguwar, ka zauna a majalisa, ka gaida mai unguwa ka tambaye shi tarihin filin da masu shi. Uwargida ita ma a bar ta ta shiga gidajen ta gaisa da mata, domin ita ce za ta wuni a wurin, kuma abin da za a faɗa mata a tsakar gida ba za a faɗa maka a ƙofar gida ba. Takardar fili a kai ta ofishin filaye a tantance kafin kuɗi su bar hannu.

Don haka mai sauraro, in kana da niyyar komawa Azare, ko Katagum, ko wani gari can dabam, roƙona gare ka ɗaya ne. Kada ka sayar da gidan da kake ciki tukuna. Kama haya a can, ka yi bazara ɗaya da damina ɗaya, ka taka filin da ƙafarka washegarin ruwa mai ƙarfi. In bayan haka zuciyarka na nan, to bismilla, ɗaura kaya, Allah ya sa a shiga a sa'a.