Yadda Ƙuri'a Ta Iso Hannun Talaka

Dattawan Ketare da Ƙanƙara sun san ƙuri'a ba gado ba ce. A zaɓen 1951, hawa-hawa ake yi a Arewa: masu biyan haraji su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi wasu, En'e kuma ta cusa nata a sama. Kafin a kai Kaduna, muryar talaka ta dushe. Wannan ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi ta yaƙa.

A 1959 maza suka jefa ƙuri'a kai tsaye. Mata fa? Sai 1976, bayan 'yar gwagwarmaya Gambo Sawaba ta sha ɗauri.

Ko a Amurka, lokacin da Andrew Jackson ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1828, mata da bayi kallo kawai suka yi.