Abin da albasa da dankali ke koya ma manomi

Manomin Jiratawa ya san wannan abu: ya dasa tumatir ko tattasai, ya zuba masa ure a gindi, ya ba shi ruwa, amma bayan kwana biyu sai dashe ya yi yaushi, ya bushe. Sai a ce taki ya ƙone shi. To, ina wutar take? Amsar tana cikin gwaje-gwajen da ɗiyan manoma ke koyo a kwalej da lise, a darasin ilimin halittu.

Saiwa daga baki take girma

Gwajin farko na albasa ne. Ana ɗora albasa bisa bakin kofi cike da ruwa, gindinta na taɓa ruwan. Cikin kwana uku zuwa biyar sai fararen saiwoyi su fito. Ana yanke bakin saiwa ɗaya, kamar milimita 2, a tausasa shi da ruwan asid, a rina shi, a danne shi tsakanin gilashi biyu. Daga nan sai a duba da madubin ƙara girma, wanda ake kira mikroskop.

Abin da ido zai gani shi ne ƙananan ɗakuna jere kamar tubalin gini. Su ne ƙwayoyin halitta. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya ba da labarinsu tun shekarar 1665. Cikin wasu ɗakunan ana ganin zaruruwa sun jeru a tsakiya, cikin wasu sun rabu gida biyu, kowane kashi ya nufi gefe guda. Sai bango ya tashi tsakaninsu, ɗaki ɗaya ya zama biyu. Zaruruwan nan su ke ɗauke da gadon iri. Albasa tana da 16, gero 14, ɗan Adam 46. Kafin ɗaki ya rabu, kowane zare sai ya ninka kansa, don haka kowane sabon ɗaki yana samun rabonsa cikakke.

Ta haka saiwa ke ƙara tsawo, daga baki. Kaɗan bayan bakin kuma akwai wani gashi mai laushi ƙwarai, shi ke shan ruwa. Wanda ya tumɓuke dashe da ƙarfi ya bar bakin saiwa da gashinta cikin ƙasa. Sai tsiron ya yi sababbi kafin ya sake sha da kyau.

Gishiri yana jan ruwa

Gwaji na biyu ba ya bukatar madubi, ana iya yin shi a gida. A fere dankalin turawa, a yanka gunduwa biyu masu tsawo ɗaya. Ɗaya a sa ta cikin ruwan sha, ɗaya cikin ruwan da aka zuba ma gishiri cokali biyu. Bayan awa ɗaya ko biyu, ta ruwan sha ta yi ƙarfi, ta ɗan kumbura. Ta ruwan gishiri ta yi laushi, ta ƙanƙance, ana iya lanƙwasa ta.

Dalili shi ne kowane ɗaki yana da wata fata siririya wadda ruwa ke ratsawa. Ruwa kuwa yana barin wajen da gishiri ya yi kaɗan, ya tafi wajen da ya yi yawa. Wani masani na Faransa, Dutrochet, ya bayyana wannan a 1826. Mata ma sun san shi: in aka barbaɗa gishiri bisa yankakken tumatir, nan da nan sai ya kawo ruwa.

Takin zamani, ure ko 15-15-15, haka yake yi in ya narke. In ya taru wuri ɗaya jikin saiwa, ƙasa ta fi saiwa kauri. Maimakon saiwa ta sha, sai ƙasa ta tsotse ruwan saiwa. Ƙonewar ke nan: tsiro ya mutu da ƙishirwa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ganye yana fidda ruwa

Gwaji na uku, a rufe reshen zogale mai ganye da farar leda, a ɗaure bakinta, a bar shi cikin rana. Kafin la'asar sai a ga ɗigon ruwa cikin ledar. Ganye yana da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita kamar tururi. Fitarsa ita ke jawo wani ruwan daga saiwa zuwa sama. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta nan yake tafiya. Rana mai zafi da iska busasshiya suna ƙara fitar.

Amfanin wannan sani

Fadamar noman rani ta Jiratawa, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1980, ta wuce ekta 500. Ruwanta daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, injin lantarki ke jawo shi, manoma ke biyan kuɗinsa ta hannun ƙungiya. Taki ma da kuɗi ake sayen shi. Dashen da ya mutu ya tafi da kuɗin iri, da na taki, da na ruwa. Don haka:

1. A jiƙa wurin reno kafin a cire dashe, a cire shi tare da ƙasarsa.
2. A yi dashe da marece, lokacin da ganye ya rage fidda ruwa.
3. Kada a zuba taki jikin tsiro. A bar tazara kamar faɗin hannu, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa.
4. A raba ure sau biyu ko uku, kada a zuba shi gaba ɗaya.
5. A nome ciyawa da wuri, domin ita ma tana shan ruwan da aka biya.

Wanda ke shakka ya nemi dankali da gishiri ya gwada da kansa, a gida ko a ajin yaƙi da jahilci. Mai ɗa a makaranta kuma ya tambaye shi abin da ya koya a kan saiwar albasa. Kan yawan takin da ya dace da kowace shuka, sai a tuntuɓi malamin gona.