Ƙasan Takalmi: Kirgi ko Roba?

Duk lokacin da aka kusa komawa makaranta, ko Salla ta gabato, sai ka ga iyaye sun cika Kejetia da rumfunan dukawa na Aboabo da Asawase suna taya takalma. Abin da muka lura shi ne, yawancinmu saman takalmin muke dubawa, wato launi da ɗinki da ƙyalli. Ba safai mukan juya shi mu ga abin da zai taka ƙasa ba, alhali kuwa ta nan kuɗinmu yake zurarewa.

Mu mutanen Zango gadon son fata muka yi. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, cikin hajarsu har da kayan dukanci na ƙasar Hausa. Bayan yaƙin Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watsu, wasu suka gangaro Kumasi. Sun zo da sana'ar, sun kuma zo da ra'ayin cewa takalmin dattijo na fata ne tun daga sama har ƙasa. Ba mu ga laifinsu ba. Kirgin da aka jeme da bagaruwa yana shan gumi, ba ya dafa ƙafa, in an daɗe ana sa shi yakan bi siffar tafin mai shi. In ya cinye kuma, baduku ya farke ya ɗinka wani.

To amma a Kano damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara ƙasa a bushe take. Mu nan Kumasi damina biyu gare mu, ta farko daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba. Kirgi kuwa ba ya shiri da ruwa. In ya jiƙe sai ya kumbura ya yi laushi, tsakuwa ta riƙa cin sa kamar sabulu. In aka shanya shi a rana mai zafi ko kusa da murhu, ya ƙandare ya tsattsage. In aka jefa shi ƙarƙashin gado da danshinsa, fumfuna ta gama da shi. Ga kuma alwala, sau biyar a yini muna zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikinsa. Wuraren alwala da yawa yanzu an shafe su da tayil, sabon kirgi kuwa santsi gare shi a kan jiƙaƙƙen tayil. Yaro in ya zame zai tashi ya kakkaɓe jiki, tsoho yana iya karya ƙugu.

A makarantarmu mun taɓa ganin yaron da mahaifinsa ya yi ƙoƙari ƙwarai ya ɗinka masa sau-ciki mai ƙasan kirgi. Kafin zangon karatu ya ƙare ƙasan ya huje, yaron ya koma cusa kwali a ciki. Abokinsa mai takalmin tayar mota, irin wanda ake kira Afro Moses, sai da ƙafarsa ta fi ƙarfin takalmin ya bar wa ƙanensa.

Roba ta sami wannan ƙarko ne tun 1844, lokacin da Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar dabarar dafa ta da farar wuta, don kada ta yi danƙo da zafi ko ta sandare da sanyi. Ba ta shan ruwa, tana kama ƙasa, tana kuma rage wa gwiwa dukan kwalta. Aibinta shi ne ba ta fitar da gumi, shi ya sa rufaffen takalmin roba ba safa yake kawo wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu.

Sai dai a yi hattara, ba duk baƙin abu ne roba ba. Takalman gwanjo da yawa ƙasansu wani soso ne marar nauyi da ake kira poliyuretan. In ya tsufa, danshin iska kaɗai yana ruɓar da shi ko da ba a taɓa taka shi ba, ran da aka sa shi ya fara zuba kamar gari a hanya. Kafin a biya kuɗi a lanƙwasa ƙasan, a danna shi da farce. In ya tsage ko ya yi danƙo, a ajiye wa mai shi kayansa. Haka ma akwai kirgin ƙarya, ɓurɓushin fata da aka matse da gam. A duba gefensa, na gaske falle ɗaya ne mai zare-zare.

A ganinmu, ɗan makaranta da mai yawon kasuwa roba ce tasu, amma wadda aka ɗinke da zare, don gam kaɗai ba ya jure wa taɓon unguwanninmu. Mai son kirginsa na Juma'a da Idi kuma ba mu ce ya bari ba. Tun yana sabo ya kai wa baduku ya manna masa siririyar roba a gaba da dunduniya. In ruwa ya dake shi a hanya, ya cusa masa tsohuwar jarida, ya bar shi a inuwa kwana biyu kafin ya shafa masa mai.