Bokitin Bakin Ƙofa Ya Bushe

A watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar daga Najeriya ranar 20 ga Oktoba, mutum takwas sun rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta hana shi barin asibiti. A watannin nan bankuna da ma'aikatu sun girke bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, irin wanda Veronica Bekoe ta ƙasar Gana ta ƙirƙiro, maigadi kuma ba ya barin kowa ya wuce sai ya wanke hannu. Da ƙura ta lafa sai bokitin ya koma sito. Korona ta sake fito da shi a 2020, ya sake komawa. Ko shekara biyu ba a yi ba kwalara ta hallaka mutum sama da 3,000 a 2021, akasarinsu a Arewa.

Idan aka tashi zancen tsabtar hannu a wurin aiki, abin da shugabanni suka fi saurin yi shi ne manna takarda a bango. Ma'aikaci ya karanta, ya shiga banɗaki, ya murɗa famfo, ko ɗigo babu. Ruwan da ke akwai na buta ne, wanda masinja ya sayo wurin 'yan ga-ruwa, sabulun kuwa yana banɗakin oga da makulli. Daga nan zai fito ya gaisa da abokan aiki hannu da hannu, ya ɗauki fayil, ya ƙirga kuɗi. Da rana a taru wurin mai abinci, kowa ya tsoma hannu a roba ɗaya, na ƙarshe ya kwashi daudar na farko. Ina laifin ma'aikaci a nan?

Tun 1847 Ignaz Semmelweis ya gano bakin zaren a babban asibitin Biyana. Likitoci kan fito daga fiɗar gawa su shiga ɗakin haihuwa, mata na ta mutuwa da zazzaɓin jego. Ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin kafin a taɓa mai naƙuda, kuma ya tanadi ruwan a nan inda ake buƙatarsa. Mace-macen da suka kai kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko ƙasa da 3 cikin 100 a watan Yuni.

Mu a nan muna da wani gata da ba ma morarsa. Ma'aikata da yawa na zuwa famfon masallacin ofis a azahar da la'asar ba tare da kowa ya tunatar da su ba. Alwala ibada ce, ba ta buƙatar sabulu, amma ba abin da ya hana a ajiye sabulu a gefen, musamman tunda masu alwala da yawa daga banɗaki suke fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanke hannu da sabulu na ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, man goge hannu kuwa 20 zuwa 30. Man yana aiki idan sinadarin barasar cikinsa ya kai kashi 60, sai dai ba ya aiki sosai a hannun da ke da dauɗa a fili. Makaniki da mahauci da mai tuƙa tuwo, sai dai ruwa da sabulu.

Saura kuma aikin sashen kuɗi ne: a ware wa ruwa da sabulu kaso a kasafin wata kamar yadda ake ware wa man janareta, a kuma ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin cika tanki kowace safiya.