Gida Ɗaya, Taska Uku: Darasin da Ke Tsallaken Iyakar Jibiya

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta bi ta Jibiya ta shiga Jamhuriyar Nijar, ya san cewa hanya ce ta fatauci da zumunci tun kafin zuwan Turawa. Daga Magama sai Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi, kuma a duk tsawon tafiyar harshe ɗaya ne, sutura ɗaya ce, abinci ɗaya ne. Har ruwan ma na tarayya ne, domin kogin da aka datse aka yi madatsar ruwa ta Jibiya shi ne yake gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya sake karkatowa ya dawo Nijeriya. Iyakar da ta raba ƙasashen biyu kuwa Ingila da Faransa ne suka shata ta, aka kakkafa alamominta tsakanin 1906 da 1908.

To, abin da ba kasafai ake kula da shi ba shi ne, wannan iyaka ta raba tarihin Katsina gida biyu. Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya ci birnin Katsina cikin 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafa mulki a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har yau ana kiran mai sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi. Saboda haka mai neman cikakken tarihin Katsina tilas ne ya ƙetare ta Jibiya. Tambayar da ke gaban masana da hukumomi ita ce: a wane irin gida ya kamata a adana wannan gado, kuma me da me ya cancanci a ajiye a cikinsa?

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

Akwai wani tsari da wasu ƙasashe suka daɗe da ganewa, watau a haɗa ɗakin karatu da gidan kayan fasaha da lambun itatuwa a cikin shinge ɗaya. Mafi shahara a cikin irin waɗannan gidaje shi ne na Huntington, wanda ke garin San Marino a Jihar Kalifoniya ta Amurka. Wani attajirin jiragen ƙasa mai suna Henry Huntington da matarsa Arabella ne suka kafa shi cikin 1919, aka buɗe wa jama'a ƙofarsa cikin 1928, shekara guda bayan rasuwar mai gidan. A ɗakin karatunsa akwai littattafai da rubuce-rubucen hannu da hotuna sama da miliyan 11, ciki har da ɗaya daga cikin littattafan farko da Gutenberg ya buga da na'ura a Jamus. A ɓangaren fasaha akwai zane-zanen manyan masu zanen Ingila irin su Gainsborough. Lambunan kuwa sun haura eka 100, har da wani sashe da aka keɓe domin tsirran hamada kaɗai.

Amma ba sai an je Amurka ba kafin a ga irin wannan hikima. Matafiyin da ya fita ta Jibiya, ya wuce Maraɗi da Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi, zai tarar da ɗan'uwan wannan gida a tsakiyar birnin Yamai, kusa da bakin kogin Kwara.

GIDAN BUBU HAMA NA YAMAI

An buɗe Gidan Tarihi na Ƙasar Nijar cikin Disamba 1959, watau tun kafin ƙasar ta sami 'yancin kai. Mutum biyu ne suka fi ɗaukar nauyin kafa shi. Na farko shi ne Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubuci, wanda aka haifa cikin 1906 a ƙauyen Foneko na ƙasar Tera, ya shugabanci Majalisar Dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974, ya rasu cikin 1982. Na biyu kuwa shi ne Pablo Toucet, masanin haƙa kayan tarihi, wanda ya zama shugaban gidan na farko. Daga baya aka raɗa wa gidan sunan Bubu Hama domin tunawa da shi.

Gidan yana zaune a kan fili mai faɗin hekta 24, kuma ba gini ɗaya ba ne. Ɗakuna ne daban-daban warwatse a cikin inuwar itatuwa, an yi musu ado da zane irin na ginin Hausa. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, da na kayan kiɗa, da na zane-zanen da mutanen farko suka bari a jikin duwatsun Sahara, da na kayan da aka tono daga kufai, har da na ma'adinin yuraniyam wanda ƙasar take taƙama da shi. A waje kuma an gina misalan muhallin kabilun ƙasar: soron Bahaushe, da bukkar Bafillace, da tantin fata na Buzu, da gidajen Zabarmawa da masuntan kogi.

Har ila yau akwai gidan namun daji mai zakoki da kuraye da dorina da kadoji. Bugu da ƙari akwai rumfunan masu sana'a, inda maƙeran farfaru da dukawa da masaƙa ke aikinsu a gaban baƙi, mai so ya saya nan take. Wannan dabara ta sa sana'ar ta zauna da ranta, tana ci da masu ita, maimakon a kulle ta a cikin akwatin gilashi kawai. An kuma yi wurin koyar da yara karatu da sana'a a cikin harabar.

Abubuwa biyu ne suka fi jan hankalin masu ziyara. Na ɗaya shi ne ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare daga doron ƙasa, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin hamadar Tenere. Akwai wata dabba mai cin ganye da Bafaranshe Philippe Taquet ya tono wajen 1965, da kuma wani ƙaton kada mai tsawon sama da mita 9. Masana sun ƙiyasta cewa sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin da yake rairayi a yau yake cike da koguna da dazuzzuka.

Na biyu shi ne kututturen Itacen Tenere. Wata bishiyar ƙaya ce da ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayarin gishiri na Bilma suna yin alama da ita, kuma ba wanda ke karya ko da reshenta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita tsakanin 1938 da 1939, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 wajen neman ruwa. Cikin 1973 wata babbar mota ta banke ta, aka ɗauko gawarta zuwa Yamai cikin Nuwamba na shekarar, aka gina mata rumfa. Ƙasar da ta gina wa mataccen itace rumfa ta san darajar mai rai.

Ta fuskar littattafai ma Bubu Hama bai yi sake ba. Ya yi shekaru yana aika mutane suna sayo ko kwafo rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga gidajen malamai. Waɗannan su ne tushen taskar da ke Cibiyar Binciken Al'amuran Ɗan Adam ta Jami'ar Yamai, wadda ke riƙe da rubutun hannu kimanin 4,000, da Larabci da Hausa da Fillanci da sauransu.

ABIN DA KATSINA TAKE DA SHI

Ba rashin kaya ne matsalar Katsina ba. Gari ne na malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe cikin 1922, wadda kuma ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne ya zama Gidan Tarihi na Ƙasa da ke birnin. A Durɓi Ta Kusheyi, kusa da Mani, tonon da aka yi cikin 1907 da kuma 1992 ya fito da 'yan kunne na zinariya da awarwaron hauren giwa da tasoshin tagulla, shaidar cewa ƙasar ta yi ciniki da nesa tun ɗaruruwan shekaru.

Amma kayan a warwatse suke. Rubuce-rubuce da yawa suna cikin gafaka a zaurukan malamai, gara da ɗigar damina suna cin rabonsu. Wasu kayan kuma sun riga sun bar ƙasar. Cikin shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayayyakin Afirka da ɓarayi suka fi wawura, kuma a ciki akwai mutum-mutumin yumɓu na yankunan Nok da Katsina da Sakkwato, tare da na Bura a Nijar. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya, ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. To, amma jami'in kwastan da bai taɓa ganin kan yumɓu na Katsina da idonsa ba, yaya zai bambanta shi da fasasshen tulu idan ya gan shi a ƙasan buhu? Gani ya kori ji.

ME YA KAWO ITACE CIKIN MAGANAR LITTAFI?

Wanda ya dubi kayan karatun malamin zaure ba zai yi wannan tambaya ba. Allo na icen aduwa ne. Alƙalami na karan gamba ne. Tawada da gawayi da ƙaro ake haɗa ta. Fatar da aka yi gafaka da ita da bagaruwa aka jeme ta. Rigar malamin kuwa da baba aka rina ta. Watau kenan idan itatuwan suka ƙare, sana'o'in za su bi su, kalmomin ma su ɓace daga bakin yara. Tun cikin 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa. Da wuya a sami ɗan makarantar birni a yau da zai iya nuna kanya ko ɗinya ko tsada a cikin daji.

A nan ma akwai darasi daga tsallaken iyaka. Daga 1983 manoman yankin Maraɗi, tare da wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka soma barin tohon kututture a gonakinsu suna sassabe shi har ya zama itace, maimakon su ƙone shi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo ne sarkinsu, domin yana kakkaɓe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Lambun da ya tara gawo da kuka da ɗorawa da kurna da marke da kalgo da goriba, kowanne da allon sunansa da amfaninsa, makaranta ce sukutum ga manomi da ɗalibi da mai maganin gargajiya.

ABIN DA YA RAGE

Kayan aikin suna nan. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Maraɗi mai sunan Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, akwai kuma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar wadda aka kafa tun 1971. A cikin gida ma akwai abin koyi: Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe cikin 1952, ya haɗa kayan tarihi da rubuce-rubucen Larabci da gidan namun daji, haka kuma Gidan Arewa na Kaduna ya haɗa ɗakin karatu da taskar takardu da ɗakin nuni.

Abin da ake bukata shi ne fili, da ruwa, da ma'aikata masu horo, da kuɗin kulawa na kowace shekara, domin irin wannan gida ba a gina shi a juya masa baya. Sai kuma yarjejeniyar musayar hotunan rubuce-rubuce da irin itatuwa tsakanin Katsina da Maraɗi da Yamai. An rufe iyakar Jibiya cikin 2019, aka sake rufe ta cikin 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024, kuma duk lokacin da aka yi haka masu bincike ma hanyarsu ta toshe. Idan kowane ɓangare yana da kwafen abin da ke hannun ɗan'uwansa, rufe ƙofa ba zai rufe ilmi ba.

Cikin Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. An yi tanadin hanyar da buhu da tan za su bi. Ya kamata masu iko su yi wa littafi da kayan tarihi da itace irin wannan tanadi tun tsofaffin da suka san sunayensu suna da rai. Allah ya ba shugabanni ikon lura.